Yadda Tsohon Ɗan Majalisar Jiha Zai Rubuta Abin Da Ya Gani

Duk bayan shekara huɗu, idan aka rantsar da sababbin majalisun dokoki na jihohi, akan sami mutane da dama da suke kwashe takardunsu daga ofis su koma gida, wasu saboda sun sha kaye a zaɓen fid da gwani, wasu saboda jama'a sun juya musu baya a babban zaɓe, wasu kuma saboda uban gidansu ya ga lokaci ya yi da za a ɗauko wani. Sashe na 91 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ce kada mambobin majalisar jiha su gaza 24, kada kuma su wuce 40, shi ya sa Kano take da 40, Katsina da Kaduna kowace take da 34, Zamfara kuma take da 24. Idan aka haɗa waɗanda suka zauna a kan waɗannan kujeru daga 1979 zuwa 1983, da waɗanda suka yi ɗan gajeren zaman jam'iyyun SDP da NRC daga farkon 1992 zuwa Nuwamban 1993, da waɗanda suka biyo baya tun daga 1999, za a ga cewa Arewa tana da tarin mutanen da suka ga yadda ake mulkin jiha da idonsu. Ƙalilan ne daga cikinsu suka bar wani abu a rubuce. Tarihin siyasar jihohinmu ya zama tarihin gwamnoni kawai, alhali kuwa a zamanin mulkin farar hula babu kasafin kuɗin da aka kashe bisa doka, babu kwamishinan da ya kama aiki, babu masarautar da aka ƙirƙira ko aka rushe, face sai da aka biyo ta zauren majalisa.

Ranka ya daɗe, idan kana cikin waɗannan mutane, wannan bayani dominka aka yi shi, haka kuma domin ke, ranki ya daɗe, idan kina cikin mata 'yan kaɗan da suka taɓa samun wannan kujera a Arewa, waɗanda labarinsu ya fi na kowa ƙaranci a rubuce.

Abu na farko shi ne ka zauna da kanka ka tantance ko ka gama neman kujera. Mutumin da har yanzu yake hangen majalisar tarayya, ko yake jiran a kira shi a ba shi kwamishina ko shugabancin wata hukuma, ba zai iya faɗin gaskiya a kan waɗanda alƙalamin yake hannunsu ba, kuma duk abin da ya rubuta zai fito kamar takardar yaƙin neman zaɓe, cike da jerin rijiyoyin burtsatse da azuzuwan da ya gina. Irin wannan littafi ranar ƙaddamarwa kawai ake ganinsa. Idan ka san da sauran buri a ranka, wannan ba zai hana ka farawa ba, sai dai ka raba aikin gida biyu: ka tattara bayanan yanzu tun ƙwaƙwalwa tana riƙe da su, ka jinkirta bugawa har zuwa ranar da babu wanda zai iya rufe maka baki da alƙawarin muƙami.

Tattara takardu kafin a fara ba da labari

Ƙwaƙwalwar ɗan siyasa takan gyara labari ba tare da ya sani ba. Labarin da ka ba da sau ɗari a majalisar ƙofar gida ya riga ya sami siffar da masu sauraro suke so, ya zama kai ne ka fara miƙewa, kai ne ka faɗi maganar da ta kashe bakin kowa. Maganin wannan shi ne takarda. Ka koma wurin akawun majalisa ka nemi rubutaccen bayanin zaman majalisa da ake kira Hansad, da takardun jerin ayyukan kowace rana, da rahotannin kwamitocin da ka yi wa aiki, da kundin kasafin kuɗi na kowace shekara tare da ƙwarya-ƙwaryar kasafin da aka kawo daga baya. Kada ka yi mamaki idan ka tarar wasu sun ɓata ko ruwa ya ci su, domin adana takardu ba ya cikin abin da muka fi ba wa muhimmanci. Inda aka rasa na ofis, tsofaffin ma'aikatan majalisa, musamman sakatarorin kwamitoci da masu ɗaukar bayanin zama, sukan ajiye nasu kwafen a gida, kuma sau da yawa sun fi mambobi tuna yadda abu ya gudana, saboda su suna nan majalisa tana tafiya wata tana zuwa.

Wanda ya yi zamansa a Jamhuriya ta Biyu, wato daga 1979 zuwa 1983, zai buƙaci ya yi tattaki zuwa Kaduna, inda akwai reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa, da Gidan Arewa, wato tsohon gidan Sardauna Ahmadu Bello wanda yanzu yake ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin cibiyar bincike. A Kano akwai Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda Jami'ar Bayero take kula da shi, kuma duk mai neman abin da ya shafi jam'iyyunsa na NEPU da PRP can ya kamata ya fara dosa. Tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian za su ba ka ranaku da sunaye, ko da yake sai ka riƙa tuna cewa jaridun gwamnati ne, abin da gwamnati take so a sani suka fi bugawa. Na baya-bayan nan kuwa, akwai Aminiya da Daily Trust da shirye-shiryen siyasa na gidajen rediyo, waɗanda wasunsu suna ajiye tsofaffin hirarraki idan aka nema da ladabi.

Sannan ka juyo gida. Akwatunan da aka jibge a ɗakin ajiya suna ɗauke da fastocin takara, da katin jam'iyya, da takardun koke da mutanen mazaɓa suka rubuto da hannu, da katunan gayyata, da hotuna, da kaset ko faifan waƙar da aka yi maka. Tsohuwar waya ma kada a yar da ita kafin a kwashe saƙonnin da ke ciki. Takardun koken nan, a ganina, sun fi komai daraja, domin su ne suke nuna abin da talaka yake zaton ɗan majalisa zai iya yi masa a wannan zamani.

Da waɗannan za ka tsara jadawalin shekaru, daga ranar da ka fara shiga jam'iyya zuwa ranar da ka bar majalisa. A nan akwai wani tarko da ya kamata a lura da shi. Mu mukan riƙe lokaci da azumi da sallah da damina, sai mutum ya ce abin ya faru ana saura kwana uku sallar layya. Shekarar Musulunci tana gaza ta Bature da kimanin kwana 11, saboda haka sallar da ta zo da damina a farkon zamanka tana iya matsawa da fiye da wata guda kafin ka gama zango ɗaya. Ka sami kalanda mai haɗa biyun, ka mayar da kowane tunani zuwa rana da wata da shekara, inda kuma ka kasa tabbatarwa ka tsaya a kan shekarar kawai.

A faɗa da baki, wani ya rubuta

Mafi yawan 'yan siyasarmu gwanayen magana ne, amma da zarar an miƙa musu alƙalami sai harshen ya ƙage, su koma rubutu irin na takardar ofis. Saboda haka hanyar da ta fi dacewa ita ce a ɗauki maganarka a na'ura ko a waya, zama bayan zama, kowane zama kada ya wuce awa ɗaya da rabi, kuma kowanne a keɓe shi ga batu ɗaya da aka sanar da kai tun kafin ranar domin ka duba takardunka.

Zaɓen wanda zai yi maka tambayoyin shi ne rabin aikin. Kada ka ɗauko ɗaya daga cikin sojojin bakanka, domin shi aikinsa yabo ne, kuma duk abin da ka faɗa zai ce haka yake ranka ya daɗe. Ka nemi ɗan jarida mai natsuwa, ko malamin tarihi, ko ɗalibin da yake nazarin siyasa, wanda zai girmama ka amma ba ya cin abinci a hannunka, wanda zai iya cewa: Alhaji, a makon jiya ka ce ba ka halarci zaman ba, ga shi kuma Hansad ya nuna ka yi magana a ranar. Ku yi yarjejeniya a rubuce kan wanda ya mallaki muryar da aka ɗauka, da haƙƙin da za a biya shi, da ko sunansa zai fito a bangon littafin. A yi zaman a inda babu 'yan rakiya, domin abin da mutum zai faɗa a gaban mutum ashirin daban yake da wanda zai faɗa a gaban mutum ɗaya.

Idan an zo juyar da muryar zuwa rubutu, a rubuta ta yadda ka faɗe ta, da karin maganarka da karin harshen garinku, Basakkwace ya fito a Basakkwacensa, Bakatsine a Bakatsinensa, daga baya a yi gyaran da ya kamata. Shawarata kuma ita ce a yi littafin da Hausa. Da Hausa ka nemi ƙuri'a, da ita aka yi duk wani ƙulli na tsakar dare, Turanci kuwa sai an shiga zaure ake ɗauko shi. Mutanen da suka zaɓe ka su ne suka fi cancantar su karanta bayaninka, fassara kuma tana iya biyo baya.

Siyasar jiha, inda nauyin littafin yake

Abin da aka faɗa a zauren majalisa yana cikin Hansad, kowa zai iya nemansa. Abin da kai kaɗai za ka iya bayarwa shi ne abin da ya faru kafin a shigo zauren: ganawar sirri a ofishin kakaki, kiran da aka yi muku zuwa gidan gwamnati bayan sallar isha, zaman da aka yi a wani otal a Kaduna ko Abuja inda aka tattara sa hannun tsige shugaban majalisa. Sashe na 92 ya ce sai da kashi biyu bisa uku na mambobi ake cire kakaki, to ka gaya wa mai karatu yadda ake haɗa wannan adadi a zahiri, wane ne yake ɗaukar takardar yana bi gida gida, me ake yi wa mai taurin kai alƙawari, me ya sa ake tsare sandar majalisa kamar rai a irin wannan rana.

Ka fara daga yadda ka sami takara, kuma ka faɗe shi filla-filla. Masalaha aka yi ko daliget ne suka jefa ƙuri'a, ko kuwa 'yar tinƙe aka yi? Wane ne ya ɗauki sunanka ya kai inda ake yanke hukunci, kuma me ya sa ya zaɓe ka ya bar wanda ya fi ka daɗewa a jam'iyya? Nawa takarar ta ci, daga kuɗin fom zuwa abin da ake kira kayan aiki ranar zaɓe, kuma ina ka samo su? Idan gona ka sayar ko bashi ka ci, ka faɗa, ka kuma faɗi yadda nauyin biyan bashin ya shafi irin matsayin da ka riƙa ɗauka bayan ka shiga majalisa. Tun da aka rage shekarun tsayawa takarar majalisar jiha daga 30 zuwa 25 a 2018, matasa da yawa suna ɗokin shiga, kuma babu wanda yake gaya musu wannan ɓangaren.

Daga nan sai babbar tambaya, wadda duk mai karatu zai buɗe littafin da ita a ransa: me ya sa ake kiran majalisun jihohi 'yan amshin shatan gwamna? A takarda majalisa tana da ƙarfi. Sashe na 192 ya ce sai ta amince ake naɗa kwamishina, sashe na 128 ya ba ta ikon bincike, sashe na 100 ya ba ta damar tabbatar da doka da kashi biyu bisa uku idan gwamna ya ƙi sa hannu bayan kwana 30, sashe na 188 kuma ya shimfiɗa hanyar tsige shi. Kai ka san abin da yake hana amfani da wannan ƙarfi, ka san yadda kuɗin gudanar da majalisa da motocin mambobi da ayyukan mazaɓu da tikitin komawa suke rataye a hannun mutum ɗaya. Ka bayyana wannan da misali ɗaya cikakke, ka ɗauki kasafin shekara guda ka bi shi daga ranar da gwamna ya ajiye shi a gabanku, zuwa kare kasafi a kwamitoci, zuwa ranar da aka amince da shi, ka nuna inda kuka iya canza wani abu da inda aka ce muku kada a taɓa ko sisi. Haka kuma batun asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya kai har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kansa a watan Yulin 2024: duk wanda ya zauna a kwamitin ƙananan hukumomi yana da abin faɗa a kan yadda kuɗin suke tafiya kafin wannan hukunci.

Idan ka yi sa'a, ko kuwa ƙaddara ta sa, zamanka ya zo daidai da wani babban al'amari, to ka ba shi babi guda ko fiye. Majalisar tsohuwar Jihar Kaduna, wadda jam'iyyar NPN take da rinjaye a cikinta, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP, har ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981, lokacin Katsina tana cikin Kaduna domin sai a 1987 aka raba su. Bayanin ɓangaren gwamna ya yaɗu sosai, amma na waɗanda suka jefa ƙuri'ar tsigewar bai kai ko kusa ba, kuma waɗanda suka rage a raye a cikinsu tsufa ya cim musu. A Kano, rabuwar PRP zuwa ɓangarori biyu, santsi da taɓo, ta ratsa majalisa da gidaje da abokantaka. A Zamfara, majalisa ce ta yi dokokin da suka sa shari'ar Musulunci ta fara aiki a watan Janairun 2000 ƙarƙashin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, sauran jihohi suka bi sahu, kowace da irin matsin lambar da mambobinta suka fuskanta daga jama'a. A Kano kuma majalisa ta yi dokar da ta ƙirƙiri masarautun Bichi da Rano da Ƙaraye da Gaya a 2019, wata majalisar ta soke ta a watan Mayun 2024. Wanda ya ɗaga hannu a irin waɗannan ranaku, abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya faɗi yaushe ya fara ganin ƙudirin, ko ya karanta shi kafin a yi masa karatu na ɗaya da na biyu da na uku, wa ya tuntuɓa, me ya ji tsoro, kuma da ya koma mazaɓarsa me mutane suka ce masa.

A nan ne ake gane littafin gaskiya. Dole ne a sami aƙalla wuri ɗaya da za ka ce na goyi bayan abu kaza alhali zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ko na yi shiru ranar da ya kamata in yi magana, ga kuma dalilina. Idan ka sauya sheƙa, ka faɗi ainihin abin da ya sa, domin kowa ya san cewa rikicin cikin jam'iyya da ake ambatawa a takardar ficewa sau da yawa mafaka ce daga sashe na 109, wanda ya ce mai sauya sheƙa zai rasa kujerarsa sai dai idan jam'iyyar ta dare. Idan ka yi amfani da matasan da ake kira 'yan jagaliya a Kano, ko 'yan kalare a Gombe, ko sara-suka a Bauchi, kada ka tsallake wannan shafi, ka faɗi abin da aka ba su da abin da ya zama makomarsu bayan zaɓe. Mai karatun da ya ga ka amsa laifi ɗaya zai yarda da kai a sauran wuraren da ka kare kanka.

Al'adar yankinku

Kuskuren da aka fi yi a wannan ɓangare shi ne a kwafo bayanin aure da suna da hawan sallah daga littattafan makaranta a cika shafuka da shi. Abin da ake nema shi ne al'ada kamar yadda ta haɗu da aikinka. Ka bayyana yadda ɗan takara yake shiga gari, wa yake fara gaisarwa tsakanin hakimi da limami da dattawan jam'iyya, da abin da kan biyo baya idan ya saɓa wannan jeri. Ka faɗi matsayin malamai a zaɓenka, da na ƙungiyoyin 'yan kasuwa da direbobi da mahauta, da na mata masu shiga gida gida waɗanda su ne suke fito da ƙuri'ar da ake ƙirgawa amma ba a cika ambatonsu ba. Ka tuna cewa matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, saboda haka wanda ya yi takara a wancan lokaci ya shaida wani sauyi da ya cancanci a ji daga bakinsa. Mawaƙan siyasa ma suna da nasu gurbi: yadda ake kiransu, yadda ake sallamarsu, da yadda baiti ɗaya na zambo yake iya yi wa ɗan takara illar da jawabi goma ba za su gyara ba.

Idan mazaɓarka ta haɗa ƙabilu ko addinai, ko manoma da makiyaya, ka rubuta game da kowane ɓangare yadda za su karanta su ce lallai ya san mu, ko da ba su zaɓe ka ba. Ka kuma rubuta abin da ya ɓace a idonka, kasuwar da ta mutu, burtalin da aka nome, hanyar da a da ake bi da dare yanzu kuma ba a bi ko da rana.

Rayuwar gida

Kunya za ta so ta hana ka wannan babi, kuma kunya abu ce mai kyau, ba sai ka buɗe sirrin ɗakinka ba. Amma akwai abubuwan da za a faɗa cikin mutunci: yadda ƙofar gidanka take cika tun kafin ka dawo daga sallar asuba da masu takardar asibiti da kuɗin makaranta da hidimar biki, yadda uwargida ta koma dafa abincin mutum hamsin, yadda 'ya'ya suka tashi suna ganin mahaifinsu a fasta fiye da a tsakar gida, yadda zumunci ya yi tsami da ɗan'uwan da ya bi wata jam'iyya. Kafin ka sa labarin kowa daga iyalinka, ka karanta masa ka nemi yardarsa. Zai ma fi kyau a ba matarka ko babbar 'yarka zama guda a gaban na'urar, su faɗi yadda suka ga shekarun daga nasu ɓangaren.

Kada ka manta da watannin farko bayan barin kujera, lokacin da waya ta daina ƙara, tabarmar ƙofar gida ta koma mutum uku, masu bin bashi kuma suka fara sallama. Kusan duk tsohon ɗan majalisa ya ratsa wannan hali, wasu har ya taɓa lafiyarsu, amma ba a maganarsa a fili. Ka faɗi waɗanda suka tsaya tare da kai, da sana'ar da ka koma, da yadda ka saba da zama mutum kamar kowa a sahun masallaci.

Sunaye, amana da shari'a

Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi wuyar janyewa. Kariyar da doka ta ba ka a kan abin da ka faɗa a zauren majalisa ba ta bin ka zuwa cikin littafi, saboda haka wanda ka zarga da cin hanci ko wani laifi yana iya kai ka kotu kan ɓata suna. Ƙa'idar da za ta tsare ka ita ce ka rarrabe abu uku a fili: abin da ka gani da idonka, abin da takarda ta tabbatar, da abin da aka gaya maka. Na ukun, idan zargi ne mai nauyi kuma babu shaida, ka bar shi, ko ka ba da labarin yadda tsarin yake aiki ba tare da suna ko wata alama da za ta nuna mutumin ba. Wanda ya rasu ba zai iya kare kansa ba, kuma ya bar 'ya'ya, don haka ka yi masa adalcin da za ka so a yi maka. Akwai kuma abin da aka gaya maka bisa amana wanda bai shafi dukiyar jama'a ko haƙƙinsu ba, irin wannan ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Abin da ya shafi kuɗin al'umma kuwa, ina ganin jama'a sun fi wanda ya ba ka sirrin haƙƙi a kansa.

Kafin a kai ɗab'i, mutum uku su karanta rubutun: lauya, da wani abokin zamanka a majalisa wanda kuka yi hamayya, da wani daga mazaɓarka wanda ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. Inda abokin hamayyar ya ce ba haka aka yi ba, ka koma ga takardu, idan kuma ba su raba gardama ba, ka kawo bayaninsa kusa da naka.

Wajen bugawa, ka sami wanda ya san ƙa'idojin rubutun Hausa ya tace shi, a tabbatar da haruffa masu ƙugiya da rabewar kalmomi, a sa sunan kowa da shekara a ƙarƙashin kowane hoto, a kuma yi jerin sunaye a ƙarshe domin masu bincike. Lambar littafi ta ISBN daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓarta, kuma doka ta wajabta a ajiye musu kwafe. Idan za a yi bikin ƙaddamarwa, a sa farashin da malamin firamare zai iya saya, kada littafin ya ƙare a hannun manyan baƙi kaɗai. Tun da yawancin waɗanda suka zaɓe ka sun fi sauraro a kan karatu, ka nemi wani gidan rediyo ya riƙa karanta shi babi babi, ko a ɗauki muryarka kana karantawa a rarraba ta waya. Ainihin muryoyin da aka ɗauka, da takardun koke, da fastoci, da sassan da lauya ya ce a cire, a haɗa su a kai ɗakin karatun jami'a mafi kusa ko Gidan Arewa ko Mambayya, tare da takarda mai sa hannunka da ta faɗi shekarar da ka yarda a buɗe su ga masu bincike.